Tarihin Neman Alamomin Ciwon Daji a Cikin Furotin

Binciken alamomin ciwon daji a cikin furotin ya faro ne daga fitsarin wani majinyaci a Landan. A 1845 likita Henry Bence Jones ya nazarci fitsarin wani mai fama da sankarar ɓargo, ya ga wani furotin da yake daskarewa in an ɗumama fitsarin, ya sake narkewa in ya kusa tafasa. Sai a 1962 Gerald Edelman da Joseph Gally suka gano cewa guntun garkuwar jiki ne. Har yau likitoci na neman wannan furotin.

Daga nan alamomi suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya. A 1963 Garri Abelev na Tarayyar Sobiyet ya sami furotin AFP a jinin ɓeraye masu sankarar hanta, wanda gwajinsa ya shafi Afirka ta Yamma ƙwarai, inda ciwon hanta nau'in B da gubar fumfunar gyaɗa da masara ke haddasa wannan cuta. A 1965 Phil Gold da Samuel Freedman suka gano CEA a Kanada, sai PSA na maza a 1979, sai CA-125 na mata a 1981.

Burin duba dubban furotin a lokaci guda ya samu ƙafa a 1975, lokacin da Patrick O'Farrell ya nuna yadda lantarki ke baza su a kan faifan jel, kowanne ya tsaya a matsayin ɗigo. Na'urorin auna nauyin ƙwayoyin furotin suka biyo baya, aikin da ya kai John Fenn da Koichi Tanaka ga kyautar Nobel a 2002. Wannan fanni shi ake kira furotiyomik.

A shekarar 2002 ɗin ce Emanuel Petricoin da Lance Liotta suka wallafa a mujallar Lancet cewa da ɗigon jini za a iya gane sankarar ƙwan mace tun tana ƙarama. Labarin ya sa mata da yawa farin ciki, domin wannan cuta takan ɓuya har sai ta yi nisa. Amma a 2004 Keith Baggerly da abokan aikinsa a Teksas suka sake duba bayanan, suka nuna cewa bambancin da aka gani zai iya fitowa daga yadda aka sarrafa samfuran jinin a na'ura, ba daga cutar ba. Abin ya yi wa fannin ciwo, amma ya tilasta wa masana tsananta ƙa'idar ɗibar jini da ajiyarsa da maimaita gwaji a wurare daban-daban.

Wahalar tana cikin jinin kansa. Furotin guda, albumin, ya kai kusan rabin furotin ɗin ruwan jini, alhali abin da ƙaramin ƙari ke zubarwa bai taka kara ya karya ba. Neman sa tamkar neman allura ne a rumbun gero.

A 2006 Cibiyar Ciwon Daji ta Amurka ta kafa shirin CPTAC domin daidaita hanyoyin aunawa. A 2009 hukumar FDA ta Amurka ta amince da OVA1, gwajin da ke haɗa furotin biyar, kuma aikinsa taƙaitacce ne: taimaka wa likita ya kimanta ƙarin da aka riga aka gani kafin tiyata. Daga 2014 CPTAC ya fara fitar da taswirar furotin na sankarar hanji, a 2016 kuma na nono da na ƙwan mace.