Duƙushin Yaye da Dakarun Sarakunan Hausa

Ina ɗan shekara goma sha ɗaya na kusa kashe duƙushi da hannuna, kuma tausayi ne ya ja ni. Kwana uku ke nan da raba shi da uwarsa, yana ta haniniya dare da rana, yana zagaya turke har igiya ta ci masa ƙafa, ko kallon harawa ba ya yi. Da na ga kakana ya tafi masallaci, sai na lallaɓa rumbu na ciko kwano da dawa na zube masa. Ya cinye tas. Kafin la'asar cikinsa ya ɗaure, yana faɗuwa yana birgima, gumi na tsiyaya. Kakana, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana hidimar barga a gidan wani hakimi a ƙasar Kano, bai daka mini tsawa ba. Ya tayar da duƙushin, ya miƙo mini ragama, ya ce, "Abokina, kai ka ɗaura, kai za ka kwance. Ja shi ku yi ta zagaye, kada ka bari ya kwanta." Haka muka yi har bayan isha'i, sannan Allah ya sa ya yi kashi, ya samu sa'ida.

Da na girma na shiga karatun tarihi, sai na tarar littattafanmu cike suke da sarakuna bisa ingarmu, amma da wuya a ambaci wanda ya reni dokin tun yana duƙushi. A ganina, ƙarfin sarautar ƙasar Hausa na ƙarnoni da dama ya dogara ne ga wannan aiki da ba a rubuta ba.

Mu fara duba darajar doki a wancan zamani. Kundin Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da sulke da kwalkwali, kuma yakan aika wa Kwararrafa dawaki su kuma su aiko masa da bayi. Muhammadu Rumfa, daga 1463 zuwa 1499, shi aka jingina wa al'adar dawakin zage. A Barno kuwa, matafiyin nan Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya ruwaito a ƙarni na 16 cewa sarki yakan ba fataken arewacin Afirka bayi 15 ko 20 a kan doki guda. Wannan lissafi yana da ɗaci, domin da 'yan Adam aka biya kuɗin dabba, kuma bai kamata ƙawar hawa ta mantar da mu hakan ba.

Abin da ya jawo tsadar shi ne wuyar raya doki. Goɗiya takan yi wata goma sha ɗaya da ciki, ta haifi ɗa guda, sannan sai ya kai shekara uku ko fiye kafin ya iya ɗaukar barde da kayan yaƙinsa. Can kudu kuma, inda ƙudan tsando ya yi yawa, dawaki ba sa daɗewa, shi ya sa daular Oyo ta riƙa sayo su daga arewa. Saboda haka duk duƙushin da ya mutu a turke, ko ya tashi da karkatacciyar ƙafa, asarar shekaru ce ga mai shi, kuma giɓi ne a rundunar sarki. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A cikin waɗannan shekaru uku, babu lokacin da ya kai yaye haɗari. Duƙushi yana rasa nono da uwa a rana ɗaya, ga shi tumbin doki ƙarami ne, ba ya kuma iya amai, don haka abin da ya shiga ba shi da hanyar dawowa. Kakana bai san wannan bayani da sunan kimiyya ba, amma duk ƙa'idojinsa a kansa suka ginu. Ba ya yaye duƙushi sai ya kai kamar wata shida, kuma sai ya ga ya saba sa baki a abincin uwarsa. Yakan so yayen ya faɗo da kaka, lokacin da harawar wake da ta gyaɗa suke sabbi, dusa ta wadata, ruwa bai yi wuya ba. Wanda aka yaye da bazara, in ji shi, har ya tsufa ana ganin alamar a haƙarƙarinsa.

Ciyawa da harawa su ne tushen abincin, ba sa yankewa a gabansa. Dusa kuwa a jiƙe ake ba shi, kaɗan-kaɗan, sau uku ko huɗu a yini. Hatsi tafi guda ake farawa da shi, a riƙa ƙarawa sannu a hankali, domin yawansa yana ɗaure ciki nan take, kamar yadda na gani da idona, ko ya sa jiki ya riga ƙashi girma har gaɓoɓi su lalace. Lokaci-lokaci ana jiƙa masa 'yar kanwa, wadda fatake suka daɗe suna kawowa daga wajajen Barno. Ba a barinsa shi kaɗai: akan ɗaure shi kusa da tsohuwar goɗiya mai haƙuri, ko ma jaki, uwar kuwa a kai ta inda ba zai ji muryarta ba. Kullum da safe a share kashin da ke turken saboda tsutsar ciki, a shafa bayansa, a ɗaga ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya, a ja shi da ragama. Linzami da sirdi sai can gaba. Dokin da zai tsaya cak cikin ƙarar tambari da bindiga, a nan ake fara yinsa.

Su wa suka yi wannan aiki? A fada ingarma ake hawa, goɗiyoyi kuwa galibi suna ƙauyuka, hannun talakawa. A bargar sarki da ta hakimai, masu yankan ciyawa da ɗebo ruwa da share turke yawancinsu bayi ne da barori. Sarautun da suka tsiro daga doki sun wanzu har yau: Madawaki, Ubandawaki, Sarkin Dawaki, da Shamaki, wanda a Kano yake cikin manyan bayin sarki, kuma sunansa yake haɗe da barga. Mun riƙe sunayen sarautun, amma sunayen yaran da suka kwana jan duƙushi mai ciwon ciki sun tafi tare da su.

A shekarar 1903, da Kano ta faɗi a watan Fabrairu, Sakkwato kuma a watan Maris, bindiga mai ruwa ta Turawan Ingila ta kawo ƙarshen zamanin doki a fagen fama. Sai ya koma dabbar ado: hawan sallah, da hawan daba irin wanda aka yi wa Sarauniya Elizabeth a Kaduna a 1956. Daga baya mota da babur suka karɓe sauran aikinsa. Ilimin renonsa kuwa da baki ake gadonsa, kuma masu shi suna ta ƙarewa. Idan ɗaliban tarihi ba su zauna da tsofaffin 'yan barga sun rubuta abin da suka sani ba, za mu wayi gari muna da hotunan hawa birjik, ba mu san yadda aka raya abin hawan ba.

Duƙushin nan namu ya rayu, ya zama kili mai kyan tafiya. Shekara huɗu bayan wancan dare wani ɗan hakimi ya are shi ya yi hawan sallah. Ina tsaye cikin taro maroƙa suna yi wa mahayin kirari, kakana kuwa ƙafafun dokin kawai yake kallo, yana gyaɗa kai.