Sojojin Missouri a Ƙawanyar Vicksburg: Yaƙin 'Yan'uwa Ne ko na Maƙwabta?

Masana tarihin Yaƙin Basasar Amurka sun san yadda Janar Grant ya yi wa Vicksburg ƙawanya a gaɓar Kogin Misisifi, daga 18 ga Mayu zuwa 4 ga Yuli, 1863, ranar da Janar Pemberton na Kudu ya miƙa wuya. Abin da ya ja ni rubutu shi ne ra'ayin da ya yi kaka-gida game da sojojin jihar Missouri, wai su ne hujjar cewa yaƙin na wa da ƙane ne. Masu wannan ra'ayi sukan dogara da hasumiyar tunawa da jihar ta gina a filin dagar, wadda ta karrama rundunoni 27 na Arewa da 15 na Kudu a wuri guda.

A ganina, an tsaya ga sunan jiha, ba a leƙa cikin rundunonin ba. Runduna ta 12 da ta 17 a ɓangaren Arewa akasarinsu baƙi ne Jamusawa, masu ƙin bauta. Ta 8 kuwa ta kwashi mutane daga Illinois da Minnesota, waɗanda sunan Missouri kawai suka ara. A can cikin ganuwa, ɓangaren Kudu, da yawa daga mutanen Kanar Cockrell 'ya'yan karkara ne da suka fara yaƙi a dakarun jiha ƙarƙashin Sterling Price. Bajamushen da ya sauka daga jirgi shekara goma kafin yaƙin, ina haɗinsa na jini da manomin karkarar Missouri?

Mai ja da ni zai kawo Janar John Bowen na Kudu, kuma hujjarsa ba ta yarwa ba ce. Bowen mazaunin St. Louis ne, ya san Grant tun kafin yaƙi, shi ne ma ya fito da takardar neman sulhu ranar 3 ga Yuli. Zai ƙara da cewa a tsagaita wutar 25 ga Mayu, da aka fito binne gawawwaki, sojojin ɓangarorin biyu sun gaisa sun yi hira. Duk na yarda. Sai dai sanayya daban, zumunci daban. Bowen ɗin nan yana cikin waɗanda dakarun Jamusawa suka kama a sansanin Camp Jackson a Mayun 1861, ke nan gabar ta girmi ƙawanyar da shekara biyu.

Dole in rage da'awata a nan: ban ce ba a sami gidan da yaƙin ya raba ba. Iyakar abin da hujja ta ba ni shi ne, al'ummomi biyu ne masu jayayya kan bauta suka haɗu a Vicksburg da sunan jiha ɗaya. Hasumiyar kuwa a 1917 aka buɗe ta, lokacin da sulhu ya fi tonon silili kasuwa. Shaida ce kan abin da 1917 ta so a tuna, ba kan abin da ya faru a 1863 ba.