Sam Cooke da Gwagwarmayar Mallakar Waƙa a Amurka

Gabatarwa

A shekarar 1954 wani saurayi farar fata mai suna Elvis Presley ya shiga wani ƙaramin ɗakin ɗaukar waƙa a birnin Mamfis na ƙasar Amurka, ya rera wata waƙa da ake kira "That's All Right". Da ita aka fara saninsa. Amma waƙar ba tasa ba ce. Wanda ya tsara ta wani baƙar fata ne ɗan jihar Misisifi, Arthur Crudup, wanda ya ɗauke ta a faifai tun 1946. Daga baya Presley ya ƙara ɗaukar waƙoƙin Crudup guda biyu, an sayar da faya-fayai masu yawan gaske. Kuɗin da ya kamata a ba mai waƙa suka tsaya a hannun waɗanda suka yi rajistarta. Crudup ya koma aikin ƙodago a gonakin jihar Bajiniya, ya rasu a 1974 bai karɓi abin da yake bi ba. Wannan shi ne abin da Bahaushe ke cewa kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Mawaƙan baƙar fata da yawa sun sha irin wannan. Wannan maƙala za ta duba tarihin Sam Cooke, ɗaya daga cikin na farko da suka gane inda kuɗin waƙa suke kwana, suka yi ƙoƙarin riƙe nasu a hannunsu.

Yadda kuɗin waƙa ke tafiya

Kafin a shiga tarihinsa, ya kamata a san cewa a dokar Amurka waƙa ɗaya dukiya biyu ce. Ta farko ita ce waƙar kanta, wato kalmominta da karinta. Wannan ta wanda ya tsara ce, shi da kamfanin da ya yi mata rajista. Ta biyu ita ce uwar faifai, wato sautin da aka ɗauka wanda daga gare shi ake buga sauran faya-fayai. Wannan yawanci ta kamfanin faifai ce.

Dokar da aka kafa a 1909 ta ce duk faifan da aka buga sai a biya mai rajistar waƙa sent 2, wato kashi biyu cikin ɗari na dala. Haka farashin ya tsaya har zuwa 1978. Kuɗin kamar ba su taka kara sun karya ba, amma idan aka buga faifai miliyan ɗaya sun zama dala 20,000. Haka kuma idan gidan rediyo ya sa waƙa, wanda ya tsara ta da mai rajistarta ake biya, wanda ya rera ba ya samun komai. Idan wani mawaƙin ya sake rera ta, nan ma su ake biya. Saboda haka mai murya yakan ci kasuwarsa ta ɗan lokaci, mai takarda kuwa yana ci har ƴaƴa da jikoki. Yawancin mawaƙan buluz, wato waƙoƙin koke da baƙaƙen kudancin Amurka ke yi da jita, ba su yi karatu mai zurfi ba. Sukan karɓi ƴan daloli a hannu ranar ɗaukar waƙa, su sa hannu a takardar da ba su san abin da ke cikinta ba.

Daga majami'a zuwa kasuwa

An haifi Sam Cooke ranar 22 ga Janairu, 1931, a garin Clarksdale na jihar Misisifi, yankin gonakin auduga wanda ya fitar da manyan mawaƙan buluz. Mahaifinsa, Charles Cook, mai wa'azi ne a majami'a. A 1933 iyalin suka ƙaura zuwa birnin Shikago. Suna cikin baƙaƙe kimanin miliyan 6 da suka bar kudu tsakanin 1910 da 1970 don guje wa talauci da wariyar launin fata.

Sam ya fara waƙa tun yana yaro tare da ƴan'uwansa. A 1950, yana ɗan shekara 19, aka ɗauke shi ya gaji R. H. Harris a matsayin jagoran ƙungiyar Soul Stirrers, wadda ta yi suna wajen waƙoƙin bishara. Daga 1951 ya riƙa ɗaukar faifai tare da su a kamfanin Specialty. Muryarsa mai taushi ce, yana da wata irin lanƙwasa da yake yi mata wadda ta ja matasa, musamman ƴan mata, zuwa wuraren da ake waƙar addini.

A wancan zamani mutanen majami'a suna ganin waƙar soyayya aikin shaiɗan ce, wanda ya bar bishara ya koma can ya yi asarar mutuncinsa. Shi ya sa da ya gwada fitar da waƙar duniya ta farko, "Lovable", sai aka sa mata sunan Dale Cook. Dabarar ba ta yi aiki ba, domin duk wanda ya ji muryar ya san mai ita. A 1957 ya bar Specialty ya koma wani sabon kamfani, Keen, ya kuma ƙara harafin "e" a ƙarshen sunansa. Waƙarsa "You Send Me" ta hau matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa na mujallar Billboard, an sayar da fiye da faifai miliyan ɗaya. Irin wannan haɗi na salon majami'a da zancen soyayya da zaman duniya shi ne aka zo ana kira sol, kuma ana lissafa Cooke da Ray Charles cikin waɗanda suka assasa shi.

Akwai abin lura a kan wannan waƙa. Shi ya tsara ta, amma sai aka yi rajistarta da sunan ƙanensa, L. C. Cook, don kada tsohon kamfaninsa ya ce yana da haƙƙi a kanta. Wannan ya nuna tun yana ɗan shekara 26 ya riga ya fahimci darajar takarda.

Kamfanin kansa

A 1958 Cooke da abokinsa J. W. Alexander, wanda shi ma tsohon mawaƙin bishara ne, suka kafa kamfanin rajistar waƙa mai suna Kags. A 1959 suka kafa kamfanin faifai, SAR, a birnin Los Anjalis. A shekarar nan ce Berry Gordy ya kafa kamfanin da ya zama Motown a birnin Detroit, Ray Charles kuma ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin ABC-Paramount wadda ta ba shi mallakar uwayen faya-fayansa. Wato dai ƴan kaɗan daga cikin baƙaƙe sun fara shiga ɓangaren da ada na fararen fata ne kusan gaba ɗaya.

Cooke kansa ya koma babban kamfanin RCA Victor a 1960. A can ya fitar da "Chain Gang" a 1960, da "Cupid" a 1961, da "Twistin' the Night Away" da "Bring It On Home to Me" a 1962. Duk shi ya tsara su, kuma kuɗin rajistarsu Kags suke shiga. A SAR kuwa ya riƙa ɗaukar tsofaffin abokansa na Soul Stirrers da matasa masu tasowa irin su Johnnie Taylor da ƴan gidan Womack.

Abin da ya faru da Bobby Womack ya isa misali. A 1964 shi da ƴan'uwansa, da sunan Valentinos, suka fitar da "It's All Over Now" a SAR. Ba da jimawa ba ƙungiyar Rolling Stones ta Ingila ta sake rera ta, tasu ta danne ta asali, ta zama waƙarsu ta farko da ta hau matsayi na ɗaya a Ingila. Womack ya fusata ƙwarai. Amma da yake sunansa na kan takardar rajista, da kuɗin suka fara shigowa sai fushin ya huce. Abin da ya sami Crudup ne ya same shi, bambancin kawai shi ne wannan karon an biya mai waƙa.

Wariya da waƙar canji

Arziki da suna ba su raba Cooke da wulaƙancin da ake yi wa baƙar fata a kudu ba. A 1961 ya ƙi yin waƙa a wani zaure a Mamfis saboda an ware wa baƙaƙe wurin zama daban. A watan Oktoba na 1963 wani otal a garin Shreveport na jihar Luwiziyana ya hana shi ɗaki shi da matarsa, alhali sun riga sun kama. Ya ɗaga murya, ƴan sanda suka kama shi da laifin tayar da hankali. A shekarar nan kuma ɗansa ƙarami ya faɗa tafkin wanka na gidansu ya rasu.

A wannan lokaci ya ji waƙar Bob Dylan, "Blowin' in the Wind", ya yi mamakin yadda farar fata ya riga shi yin waƙa a kan halin da baƙaƙe ke ciki. Ranar 30 ga Janairu, 1964, ya ɗauki "A Change Is Gonna Come", wato canji na nan tafe. Waƙar ta sha bamban da waƙoƙin rawa da soyayya da aka san shi da su, kuma yin ta kasada ce, domin fararen fata ne da yawa cikin masu sayen faya-fayansa. Wata guda bayan haka yana birnin Mayami a daren da Cassius Clay, wanda ya zama Muhammad Ali, ya ci kambun damben duniya, suka zauna tare da Malcolm X. A watan Yuli na shekarar aka sa hannu a dokar da ta haramta wariya a otal-otal da sauran wuraren jama'a.

Rasuwa da abin da ya biyo baya

Ranar 11 ga Disamba, 1964, matar da ke kula da wani ƙaramin masauki a Los Anjalis ta harbe Sam Cooke da bindiga. Yana da shekara 33. Ta ce ya afka mata ne, masu binciken kotu suka yanke cewa kare kanta ta yi. Danginsa da abokansa da yawa ba su yarda da wannan hukunci ba. Kwana 11 bayan rasuwarsa aka fitar da "A Change Is Gonna Come" a ƙaramin faifai, ta zama ɗaya daga cikin waƙoƙin masu neman ƴancin baƙar fata.

Dukiyar da ya gina ba ta daɗe a hannun iyalinsa ba. A 1963 ya ɗauki wani akanta, Allen Klein, ya bi masa kuɗinsa a RCA. Klein ya karɓo masa kuɗi masu yawa, ya kuma shirya wani sabon kamfani, Tracey, wanda zai mallaki uwayen faya-fayan Cooke, RCA ta zama mai rarrabawa kawai. Sunan ƴar Cooke aka sa wa kamfanin, amma a takarda Klein ne mai shi. SAR ya rufe bayan rasuwar Cooke, kuma cikin ƴan shekaru haƙƙin waƙoƙinsa ya koma hannun kamfanin Klein, ABKCO.

Kammalawa

Idan aka kwatanta Crudup da Cooke za a ga tazarar da aka samu cikin ƙasa da shekara 20. Na farko ya tsara waƙa wasu suka ci moriyarta yana raye. Na biyu ya tsara, ya rera, ya yi rajista da kamfaninsa, ya kuma ɗauki wasu mawaƙan aiki. Na bayansa sun bi wannan hanya. Otis Redding, wanda ya sa waƙoƙin Cooke guda uku a faifansa na 1965, ya kafa ƙaramin kamfaninsa a shekarar nan, Curtis Mayfield kuma ya kafa kamfanin faifai na Curtom a 1968. A 1986 aka sa Cooke cikin rukunin farko na mawaƙan da gidan tarihin Rock and Roll Hall of Fame ya karrama. Duk da haka ƙarshen dukiyarsa ya nuna gwagwarmayar ba ta ƙare da kafa kamfani ba. Mutumin da ya yi wa kamfanin Specialty dabara a 1957 don kada waƙa ɗaya ta kuɓuce masa, shi ne a 1963 ya amince da takardar da ta ba wani mallakar faya-fayansa.