Tsofaffin motocin tsere: yadda ake gane injin na asali

A watan Agustan 2018, a garin Monterey na ƙasar Amurka, an yi gwanjon wata mota ƙirar Ferrari 250 GTO a kan dala miliyon 48 da dubu 400, wato sama da miliyar 25 na kuɗin sefa. Guda 36 kacal aka ƙera irinta tsakanin 1962 da 1964. A wannan kasuwa, tambayar farko da mai saye ke yi ita ce: injin da ke ciki, shi ne wanda motar ta fito da shi daga masana'anta?

Lambobi da bincike

Kowace mota tana da lambar shasi, kowane injin kuma da tasa lambar da aka buga a jikin ƙarfensa. Idan lambobin biyu sun dace da abin da ke rubuce cikin rajistar kamfanin, darajar motar takan ɗaga sosai. Shi ya sa ƴan damfara kan goge lambar wani injin su buga wadda ake nema. Masana sukan duba siffar alƙaluman da zurfinsu, su nemi alamar guga a wurin, sannan su gwada ƙarfen da na'ura don sanin ko haɗinsa irin na wancan zamani ne. Tun 2006, kamfanin Ferrari ya buɗe sashen Ferrari Classiche a Maranello, ƙasar Italiya, wanda ke wannan bincike tare da ba da takardar shaida.

Me ya sa asalin ke wuyar samu?

Don gudu aka ƙera motar tsere, ba don ajiya ba. A gasar awa 24 ta Le Mans a Faransa, injin kan fashe, kanikawa su cire shi su ɗora wani, wanda aka cire kuma a gyara shi a sa wa wata mota. A lokacin babu mai tunanin gwanjo. Ban da haka, ƙarfe na gajiya: fistan ko kulas da suka shekara sittin na iya tsagewa ana tsakiyar gudu, abin da ke barazana ga ran direba. Saboda haka masu motoci da dama kan ajiye injin na asali a gareji, su shiga gasannin tsofaffin motoci kamar Le Mans Classic, da aka fara a 2002, da sabon injin da aka ƙera bisa tsohon zane.

Abin da takardu ke shaidawa

A nan ne masu saye ke yawan ruɗewa. Hukumar wasannin motoci ta duniya FIA tana ba da fasfo na musamman ga tsofaffin motocin da za su shiga gasa. Wannan fasfo yana tabbatar da cewa ƙirar motar da kayan injinta sun yi daidai da na zamaninta, amma ba ya shaidar cewa piyas ɗin su ne na asali. Motar da aka ƙera bara, in ta bi tsohon tsari sak, tana iya samunsa.

Hukuncin kotun Landan

A 1990 wata kotu a Landan ta saurari ƙara kan motar Bentley da ake kira Old Number One, wadda ta lashe gasar Le Mans a 1929 da 1930. Kamfanin da ya amince ya saye ta a kan fam miliyon 10 ya janye, yana cewa an sauya mata sassa da yawa har ta tashi daga motar da ta yi nasarar. Alƙali ya ba mai sayarwa gaskiya: motar tsere dama takan sauya a tsawon rayuwarta, kuma tarihin wannan bai taɓa yankewa ba.

Ke nan abubuwa uku ne daban: piyas ɗin da motar ta fito da shi, piyas na zamaninta da aka ɗauko daga wata mota, da sabon da aka kwaikwaya. Dukansu halal ne a kasuwa muddin an bayyana su. Damfara tana farawa ne ranar da aka sayar da na uku da sunan na farko.