Manjo Janar Hassan Usman Katsina: Ɗan Sarki a Shekarun Yaƙin Basasa

Yawancin ɗalibanmu sun san sunan Hassan Usman Katsina ne ta hanyar kwalejin kimiyya da fasaha da ke birnin Katsina, wadda aka sa wa sunansa. Kaɗan ne suka san cewa wannan mutum ya riƙe Arewa baki ɗaya a shekarar da ta fi kowace wuya a tarihinta. Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa duk ƙasar Katsina ce, don haka tarihinsa na gida ne. Za mu duba shi da tambaya guda: me mai riƙe da amana ya yi da ikon da aka damƙa masa sa'ad da jini ya fara zuba?

Asalinsa da shigarsa soja

An haife shi a Katsina ranar 31 ga Maris, 1933. Mahaifinsa shi ne Sarkin Katsina Usman Nagogo, kakansa kuma Sarki Muhammadu Dikko. Ya shiga aikin soja a 1956, a lokacin da 'ya'yan sarauta suka fi karkata ga aikin En'e. Ya sami horo a Teshie ta ƙasar Gana, sannan a makarantar hafsoshi ta Sandhurst a Ingila, aka ba shi muƙamin hafsa a 1958. Kamar sauran tsaransa, ya yi aikin kiyaye zaman lafiya a Kwango ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya.

Shekarar 1966

Ranar 15 ga Janairu, 1966, wasu matasan hafsoshi suka yi yunƙurin juyin mulki. Aka kashe Sardauna Ahmadu Bello a Kaduna, aka kashe Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, da manyan sojoji irin su Birgediya Zakariya Maimalari da Laftanar Kanar James Pam. Hassan yana Manjo a lokacin, yana shugabantar rundunar motoci masu sulke a Kaduna. Marubuta da dama sun ruwaito cewa Manjo Nzeogwu ya same shi riƙe da bindiga ya tambaye shi ɓangaren da yake, shi kuma ya amsa cewa yana tare da su. Har yau ana muhawara a kan wannan amsa. Bayan 'yan kwanaki Janar Aguiyi-Ironsi ya naɗa shi Gwamnan soja na Jihar Arewa, yana da shekara 32.

Ya karɓi jama'a masu makoki da fushi. Ranar 24 ga Mayu, Ironsi ya kafa doka mai lamba 34, wadda ta soke tsarin tarayya. Kafin mako ya zagayo tarzoma ta ɓarke a Kano da Zariya, ta bazu zuwa Katsina da wasu garuruwa, ana kiran "a raba", aka auka wa 'yan ƙabilar Ibo. Ranar 29 ga Yuli sojojin Arewa suka yi nasu juyin mulkin, aka kashe Ironsi a Ibadan, Laftanar Kanar Yakubu Gowon ya zama shugaban ƙasa ranar 1 ga Agusta. A Satumba da Oktoba aka sake kisa mafi muni. A Kano har sojojin bataliya ta 5 suka yi bore suka shiga kisan, sai da Hassan ya je da kansa ya fuskance su. Dubban mutane sun mutu, kimanin miliyan ɗaya kuma suka tsere zuwa Gabas, suka bar shaguna da gidaje a Sabon Gari.

Dole mai nazarin tarihi ya riƙe abu biyu a nan. Hassan ya sa ransa a haɗari don ya tsayar da kisan. Amma kuma baƙin da aka kashe suna ƙarƙashin amanarsa ne, gwamnatinsa ba ta iya kāre su a kan lokaci ba. Babba juji ne, kuma wannan nauyi yana cikin abin da aka zuba masa.

Gwamnan da ya yarda a raba kujerarsa

Ya halarci taron sulhu na Aburi a Gana, ranar 4 da 5 ga Janairu, 1967, tare da Gowon da Ojukwu da sauran gwamnoni. Yarjejeniyar ba ta ɗore ba. Ranar 27 ga Mayu, Gowon ya raba ƙasa zuwa jihohi 12, shida daga cikinsu a Arewa. Ma'anar wannan ita ce kujerar Hassan ta ƙare. Bai yi tawaye ba, ya karɓi shugabancin hukumar riƙon ƙwarya da ke kula da kadarorin da sababbin jihohin suka gada tare. Lardin Katsina da na Zariya suka zama Jihar Arewa ta Tsakiya, wadda daga cikinta aka fitar da Jihar Katsina a 1987.

Mu lura da wanda ya yi wa biyayya. Gowon ɗan mai bishara ne da ya tashi a Wusasa, Hassan ya girme shi da shekara guda, sai dai Gowon ya riga shi zama hafsa. Jikan Dikko ya sara wa ɗan talaka Kirista, ya kuma yi aiki ƙarƙashinsa har shekara tara.

Fagen yaƙi

Ojukwu ya yi shelar ƙasar Biyafara ranar 30 ga Mayu, 1967, aka fara harbi ranar 6 ga Yuli. Gwamnatin tarayya ta ɗauka aiki ne na ɗan lokaci, har ta kira shi matakin 'yan sanda. Sai da aka yi wata 30. A Mayun 1968 Hassan ya zama Babban Hafsan Sojojin Ƙasa. Rundunar da ba ta wuce mutum 10,000 ba kafin yaƙi ta kumbura zuwa kusan 250,000, yawancinsu kurata masu horon 'yan makonni. Aikinsa shi ne samar musu abinci da makamai, da haɗa kan manyan runduna uku waɗanda kwamandojinsu ke gasa da juna. A Mayun 1969 aka canza kwamandojin uku, Kanar Olusegun Obasanjo ya karɓi runduna ta 3 daga hannun Benjamin Adekunle. Ranar 15 ga Janairu, 1970, Philip Effiong ya miƙa wuya a Barikin Dodan da ke Legas.

Nasarar ta zo da tsada. Gowon ya ba sojoji ƙa'idar aiki da ta hana taɓa farar hula, duk da haka an yi wa mazan Asaba kisan gilla a Oktoban 1967. Datse hanyoyin shiga Biyafara ya jawo yunwa, kiyasin waɗanda suka mutu ya kama daga rabin miliyan zuwa miliyan biyu, mafi yawa yara. Ƙungiyoyin agaji na ikilisiyoyi ne suka riƙa kai abinci da dare ta filin jirgin Uli. Duk wanda ya zauna a hedikwatar soja a wannan lokaci yana da kaso cikin yabon haɗa ƙasa, yana kuma da kaso cikin alhakin.

Ƙarshen rayuwarsa

Ya bar wannan muƙami a Janairun 1971, ya ci gaba da aiki a hedikwatar ƙoli har juyin mulkin 29 ga Yuli, 1975, sannan ya yi ritaya. Ya riƙe sarautar Ciroman Katsina, ya shahara a wasan holo kamar mahaifinsa, ya rasu ranar 24 ga Yuli, 1995.

Mu da muke hidima a yankin da aka sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara a Disamban 2020 mun san yadda tsoro yake sa mutum zargin ƙabila guda da laifin 'yan kaɗan. Haka aka fara a 1966. Wanda jama'a ke sauraron bakinsa yana da damar magana kafin wuta ta kama, kuma tarihin Hassan ya nuna cewa bayan ta kama ko gwamna da sojojinsa sukan makara.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Wane alhaki ke kan shugaba game da ɓarnar da bai umarta ba amma ta faru a hannunsa?
2. Me amincewar Hassan da raba Jihar Arewa ta koya mana game da sakin muƙami?
3. Su wane ne baƙi a garinku yau, wa kuma zai tsaya musu ranar tashin hankali?