Fijo 504 da Makanikan da Suka Koyi Sauraron Mota

Yau tarihin ƙafar mota zan taɓo, wato shokozoba da sitiyari.

A 1975 kamfanin PAN ya fara harhaɗa motocin Peugeot a Kakuri, tsallaken kogi. A shekarar ce kuma 504 ta lashe tseren Safari a Kenya. Sirrinta yana ƙasa: tana da tsayi, shokozobanta na da dogon zango, sai ta shanye rami ba tare da ta jijjiga fasinja ba. Shi ya sa ta zama motar gwamnati, ta zama tasi daga tashar Kawo zuwa Zariya da Kano.

To, motar da ta cika gari dole ta haifi masu gyaranta. Daga Panteka zuwa garejojin Kawo da Unguwar Kanawa, yara suka koyi aiki a kanta. Ni kaina na ga ragowar wannan ilimi wajen wani dattijon makanike a unguwarmu. Na kai masa motar yayana tana ja gefe ɗaya. Kafin ya taɓa sifana, iskar taya ya fara dubawa. Sannan ya danna gaban motar ya saki. Ya ce, "Ɗana, in ta yi ta rawa ba ta tsaya ba, shokozoba ya mutu." Ya ɗaga ta da jak, ya girgiza taya hagu da dama don gwada tayarod, sama da ƙasa don boljoyin. Tayarod ne ya saki. Da ya ɓalle a kan hanyar Zariya, sitiyari ya daina jin magana ke nan.

Yanzu fa an daina haɗa 504 tuni. Motocin Beljiyam da aka ƙera don titunan Turai ne suka cika Ahmadu Bello Way, kayan gyara na jabu sun yi yawa, dattawan nan kuma suna ƙarewa. Hukumar NBTE tana da tsarin ba masu sana'a takardar shaidar ƙwarewa. Mu matasa mu matsa a kai shi kowane gareji, a rubuta abin da Baba ya sani tun yana da rai.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.