Laima da Hunturu a Tarihin Adana Littattafan Ƙasar Gwandu

Tun zamanin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, malaman Gwandu da Jega sun san ba wuta kaɗai ke cin littafi ba. Laimar damina kan sa takarda fumfuna, ta gayyato gara. Hunturu kuwa ya busar da ita har ta riƙa karyewa. Don haka suke sa littafi cikin gafaka, su rataye shi nesa da ƙasa. A shekarun 1960 jami'o'i suka dukufa ga tattara irin waɗannan rubuce-rubuce, daga baya na'urar auna zafi da laima ta gaji idon malami. Awon ya nuna saurin sauyin yanayi na wahalar da takarda ƙwarai, kuma soron ƙasa mai kauri, wanda aka raina, ya fi ɗakin kwano tare shi.